Tambaya da Amsa: Makaɗin da Aka Manta da Masu Tono Kiɗansa

A fitowar da ta gabata mun ambaci, a cikin layi biyu kacal, cewa wani makaɗin fiyano ɗan Amurka mai suna Frank Kimbrough ya shafe shekaru yana raya kiɗan Herbie Nichols, mutumin da ya mutu ba tare da ƙasarsa ta san darajarsa ba. Wannan ɗan ambato ya jawo wasiƙu daga Zariya da kewaye, kuma ga huɗu daga cikinsu, mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi a Samaru: Malam, ina gaisuwa. Na nemi wani faifan da Kimbrough ya kaɗa kiɗan Nichols a intanet na saurara, kuma ban musa cewa akwai gwaninta a cikinsa ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, me zai sa mutumin da Allah ya ba hannu irin wannan ya koma kaɗa kiɗan wani wanda ko a ƙasarsu ba a san shi ba? A ganina wannan kwaikwayo ne, kuma mai kwaikwayo bai kai mai ƙirƙira ba.

AMSA: Ɗan'uwa, muna amsawa, kuma kafin a yanke hukunci ya kamata a san wanda ake magana a kansa. An haifi Herbie Nichols a birnin Niyok a 1919, iyayensa kuma baƙar fata ne da suka yi ƙaura daga tsibiran Karibiyan. Ya koyi fiyano tun yana yaro, ya yi aikin soja a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya dawo ya shiga neman abinci da kiɗa. Ana ƙiyasta cewa ya tsara kiɗa kimanin 170, amma waɗanda ya samu ya naɗa a faifai ba su kai rabin wannan adadi ba. Ya daɗe yana bin mai kamfanin faya-fayi na Blue Note, Alfred Lion, kafin a ba shi dama a 1955 da 1956, inda ya yi aiki da manyan masu ganga biyu na zamanin, Art Blakey da Max Roach. A 1957 ya yi wani faifan da kamfanin Bethlehem, daga nan ƙofa ta rufe. Sankarar jini ta kashe shi a watan Afrilu na 1963, yana da shekara 44.

Sai batun kwaikwayo, wanda a nan ne nake ganin ka yi wa Kimbrough rashin adalci. A kiɗan jaz, wato salon kiɗan Amurka da Nichols da Kimbrough suka yi, abin da mai tsara kiɗa yake bari a rubuce ɗan kaɗan ne, sau da yawa shafi ɗaya: taken kiɗan, da jerin sautukan da za su tallafe shi daga ƙasa. Makaɗa sukan buɗe da taken, su rufe da shi, amma duk abin da ke tsakani, wanda shi ne mafi tsawo, kowane makaɗi yana ƙirƙiro nasa ne nan take a gaban masu sauraro, kuma idan aka sake zama gobe ba zai maimaita na jiya ba. Saboda haka wanda ya ɗauki kiɗan wani bai tsira daga ƙirƙira ba, ya ma ƙara wa kansa nauyi, domin dole ya faɗi nasa a cikin tsarin da wani ya gindaya. Ka leƙa wurin masu ɗinkin hannu a cikin Birni ka ga yadda ake yi wa babbar riga aska takwas. Zanen ya girmi kowa a rumfar, ba wanda ya ƙago shi a cikinsu, amma mai saye da ya san riga yana ɗaga ta zai gaya maka hannun da ya yi ta, kuma ba ya kiran gwanin cikinsu mai kwaikwayo.

Aikin da Kimbrough ya yi ma ya wuce kaɗawa. Lokacin da ya fara, ba a sayar da rubutun kiɗan Nichols a kasuwa, don haka sai ya zauna da faya-fayen yana saurare yana rubutawa, ya ji gaɓa ɗaya, ya tsayar, ya laluba ta a kan fiyano, ya rubuta, ya koma baya ya sake ji. Wanda ya taɓa ƙoƙarin rubuta baitocin Narambaɗa daga tsohon kaset mai shuu ya san irin haƙurin da wannan yake bukata, to a nan sautuka huɗu ko biyar ne suke fita a lokaci guda daga yatsun mutum ɗaya, kuma dole a rarrabe kowanne. Daga baya shi da abokinsa Ben Allison, makaɗin bes, wato babban gogen nan mai kaurin murya da ake kaɗawa a tsaye, suka kafa ƙungiya a shekarun 1990 da sunan Nichols. Sun samo takardun kiɗan da Nichols ya ajiye a ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka domin rajistar haƙƙinsa, cikinsu har da waɗanda bai taɓa naɗa ba, suka fitar da faya-fayi uku, na ƙarshensu a 2001. Waɗannan kiɗe-kiɗe da ba a taɓa naɗa ba, wa za a ce sun kwaikwaya a cikinsu? Babu wani sauti da suka ji, takarda ce kawai, su ne suka fara ba ta murya.

Akwai kuma abin da suka ƙara da gangan. Faya-fayen Nichols na Blue Note duka mutum uku ne, fiyano da bes da ganga, su kuwa suka shigo da masu busa, suka raba musu layukan da a da hannun dama na Nichols ne kaɗai yake ɗauke da su. Idan ka koma ka saurara, ka kula da yadda Nichols yake bar wa mai ganga gurbi a cikin taken kansa, fiyano ya faɗi magana ganga ta amsa. Kunnen da ya saba da kalangu ba zai sha wuyar gane wannan ba. Kimbrough ya rasu a ƙarshen 2020, kuma ya bar faya-fayi masu yawa na kiɗan da shi ya tsara, saboda haka ba rashin nasa ne ya kai shi ga na wani ba.

TAMBAYA, daga wata malamar makaranta a Tudun Wada: Malam, idan har mutumin nan gwani ne kamar yadda kuke faɗa, yaya aka yi aka manta da shi? Ni na ɗauka abu mai kyau shi yake sayar da kansa. Kuma ina so in sani ko akwai mata a cikin waɗanda aka raya kiɗansu.

AMSA: Malama, abu mai kyau yana sayar da kansa ne idan an kai shi kasuwa. Kiɗan Nichols yana da wuyar kaɗawa, tsawon gaɓoɓinsa ba ya bin ma'aunin da makaɗa suka saba da shi, kuma sai an zauna an yi atisaye kafin a iya shi, alhali masu gidajen rawa suna son abin da za a hau a kaɗa a daren. Faya-fayensa ba su yi kasuwa ba, don haka bai samu kuɗin riƙe ƙungiyarsa ta kansa ba. Ya ƙare yana kaɗa tsohon salon jaz na Niyu Olins a ƙungiyoyin wasu, yana kuma raka mawaƙa a ƙananan wurare, yana dawowa gida yana rubuta kiɗan da ba mai kaɗawa. Abu ɗaya nasa da ya shiga duniya shi ne kiɗan da mawaƙiya Billie Holiday ta ɗora wa baitoci, aka san shi da suna Lady Sings the Blues, kuma mafi yawan masu jin waƙar sunan Holiday suke riƙewa.

Ki kwatanta shi da abokinsa makaɗin fiyano Thelonious Monk, wanda shi ma aka daɗe ana cewa kiɗansa baƙo ne. An ƙwace wa Monk takardar izinin kiɗa a gidajen rawa na Niyok daga 1951 zuwa 1957, amma da ya dawo ya samu wuri guda inda ya yi watanni yana kaɗawa dare bayan dare tare da mai busa John Coltrane, har kunnen jama'a ya saba. A watan Fabrairu na 1964 hotonsa ya hau bangon mujallar Time, wata goma bayan an binne Nichols. Ni a nawa ganin ba tazarar baiwa ce ta raba su ba. Ɗaya ya samu dandali da makaɗan da suka ɗauki kiɗansa suka yaɗa, ɗayan bai samu ba, kuma ajali ya riske shi da wuri. Daga cikin waɗanda suka hana sunan Nichols ɓacewa ɗungurungum akwai wani matashi mai busa, Roswell Rudd, da ya zauna da shi a ƙarshen rayuwarsa ya koyi kiɗansa baki da baki. Rudd ne ya haɗu da makaɗin fiyano ɗan ƙasar Holan, Misha Mengelberg, suka naɗa kiɗan Nichols a farkon shekarun 1980, tun kafin Kimbrough.

Game da mata kuwa, akwai Mary Lou Williams, wadda ta rayu daga 1910 zuwa 1981, ta tsara wa manyan ƙungiyoyi kiɗa, ciki har da ta Duke Ellington. A 1945 ta tsara wani dogon aiki mai kashi goma sha biyu, kowane kashi da sunan ɗaya daga cikin buruji, wanda ya daɗe a ajiye ba a cika kaɗa shi ba. Makaɗiyar fiyano Geri Allen ta sake naɗa shi a 2006, sannan makaɗin fiyano Aaron Diehl ya naɗa shi tare da cikakkiyar ƙungiyar masu goge da masu busa a 2023. Ita Williams ɗin ce ma ta fara naɗa wasu daga cikin kiɗe-kiɗen Nichols a farkon shekarun 1950, lokacin da kamfanoni ba su ko kallonsa.

TAMBAYA, daga wani mai situdiyo a Sabon Gari: Malam, mu a nan idan yaro ya ɗauki karin waƙar wani ya hau, sai a ce satar fasaha ce. Su waɗannan da suka cika faifai da kiɗan mamaci, ba sata suka yi ba? Wa ya ba su izini?

AMSA: Maigida, sata tana tare da ɓoyewa, su kuwa sunan mamacin suka sa wa ƙungiyarsu, suka rubuta shi a gaban kowane kiɗa. Doka ta raba abu biyu da mu muke yawan haɗawa, wato kiɗan da aka tsara da kuma sautin da aka naɗa. A Amurka, tun dokar 1909, idan mai kiɗa ya riga ya fitar da shi a faifai, kowa yana iya sake naɗa shi da hannunsa muddin ya bi ƙa'ida ya biya kuɗin da hukuma ta ƙayyade, kuma kuɗin yana zuwa ga mai haƙƙin ko magadansa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ka yanko sautin faifan wani ka liƙa a naka ba da izini ba, ko ka goge sunansa ka sa naka.

A Nijeriya dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare kiɗa da waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai su, sautin da aka naɗa kuma shekara 50. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015, don haka lissafin ba ya bukatar malami: haƙƙin waƙoƙinsu yana nan da ransa a hannun magada. Wanda yake son ya sake naɗa su ya je ya yi sallama, a zauna da iyali, a rubuta yarjejeniya a kan kason da za su samu, a sa hannu a gaban shaidu. Kiɗan gargajiya da ba a san wanda ya ƙago shi ba ma dokar ba ta bar shi a sake ba, ta ɗora kula da shi a kan Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa idan za a yi kasuwanci da shi. Misali mai kyau ya taɓa faruwa da kiɗan ƙasar nan: makaɗin fiyano Randy Weston ya zo Legas a 1961, ya koma Amurka ya naɗa wani kiɗa na Bobby Benson a faifansa na 1963, kuma sunan Benson yana nan a rubuce a matsayin mai kiɗan. Yaron da yake hawa karin wani a situdiyonka, ka tambaye shi ko zai yarda a rubuta sunan mai karin a fuskar bidiyon. Amsar da ya ba ka za ta nuna maka ko girmamawa yake yi ko sata.

TAMBAYA, daga wani dattijo a Ƙofar Doka: Malam, ina da buhu guda na kaset da mahaifina ya bari, na makaɗan fada da na noma da na 'yan kukuma, wasunsu ko sunansu yaran yanzu ba su taɓa ji ba. Shin irin wannan aiki da kuke yabo zai yiwu a kan namu makaɗan, ko sai na Turawa?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma, ya ji ƙan mahaifi. Zai yiwu, amma hanyarmu ta fi tasu gargada, kuma gara a faɗi wuraren da take da ramuka.

Nichols ya bar takarda, namu makaɗan kuwa ba su rubuta kiɗa ba, a ka suke riƙe shi, ɗa ya gada daga uba, yaro ya ɗauka daga ubangidansa. Ma'ajiyarmu ita ce 'yan amshi da masu kalangu da masu kotso da suka yi shekaru a bayan makaɗin, kuma duk wanda ya rasu a cikinsu ya tafi da abin da ba kaset ɗin da ya kama. Sannan waƙarmu a ɗaure take da harshe. Hausa tana da karin sauti, hawa da saukar murya suna canza ma'anar kalma, saboda haka karin waƙa yana bin kalmomin ne, ba a iya lanƙwasa shi yadda aka ga dama kamar yadda makaɗin jaz yake yi da takensa. Ga kuma sunayen iyayen gida da aka yi wa waƙar, sarki ko attajiri ko sarkin noma, waɗanda idan aka cire su waƙar ta rame, idan aka bar su kuma matashin yau bai san su ba. Ko kayan kiɗan ma akwai magana. Fiyano, babba na katako mai maɓalli 88 ko ƙaramin Yamaha da ke situdiyoyinmu, sautukansa a yanke suke ɗaya bayan ɗaya, alhali goge da kukuma suna zamewa a tsakanin sautuka, kalangu kuma ana matse tsarkiyarsa a hammata muryarsa ta tashi ta sauka. Wanda ya kwashe kukumar Hassan Wayam, da Zariya ta sani sarai, ko ta Garba Supa, ya zuba a fiyano kai tsaye, zai samu ƙasusuwan kiɗan ne kawai.

Duk da haka ba daga fili za a fara ba. A shekarun 1960 wani Ba'amurke mai bincike, David Ames, ya zauna a Zariya ya naɗi makaɗan fada da na sana'o'i, an fitar da wasu a faifai a Turai, kuma shi da Anthony King sun wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna ya naɗi makaɗa masu yawa tun shekarun 1960. Jami'o'inmu, ciki har da Jami'ar Ahmadu Bello, sun tara kundayen ɗalibai a kan makaɗa, kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi aiki mai yawa wajen tattara tarihinsu da diwanin waƙoƙinsu. Inda nake da ƙorafi shi ne kusan duk wannan ƙoƙari a kan baitoci ya tsaya. Mun rubuta abin da makaɗi ya faɗa, mun yi sharhin salonsa da jigonsa, amma abin da hannun mai taushi yake yi a ƙarƙashin baitin ba mu da masu koyonsa. Abin da Kimbrough ya yi shi ne ya mayar da kiɗan cikin yatsun makaɗa masu rai, suka kaɗa shi a gaban jama'a. Wannan ne ya rage mana, kuma aikin matasan makaɗa ne, su zauna da tsofaffin da suka rage su koyi kiɗan a kan kayansa na asali tukuna, sannan in sun ga dama su shigo da fiyano ko jita a gefensa. Ina kuma ba da shawarar kada a fara da Shata ko Ɗanƙwairo, domin waɗannan suna cikin wayar kowa. A fara da irin waɗanda ke cikin buhunka.

Game da buhun kansa, Baba, a fitar da shi daga ɗakin da rana take dukan kwanonsa, a raba shi da danshi da ƙura. Kada a sa kaset ɗin a tsohuwar rakoda da aka daɗe ba a kunna ba, domin robar cikinta takan saki ta tauna zaren, kuma wanda aka tauna ba ya dawowa daidai. A fara juya kowane kaset da biro a hankali daga farko zuwa ƙarshe don zaren ya saki, a samu rakoda mai lafiya da aka goge kanta, a haɗa ta da kwamfuta a kwafe sautin gaba ɗaya ba tare da an yanke gaisuwa ko surutun da ke tsakanin waƙoƙi ba, domin sau da yawa a nan ake jin sunan gari da na wanda aka yi wa wasan. A ajiye kwafi a wuri biyu. Sannan ka sa ɗaya daga cikin jikokinka ya zauna kusa da kai da littafi, ana kunna kaset kana gaya masa sunan makaɗin, da garinsu, da kayan kiɗan da ake ji, da wanda ake yi wa waƙar, yana rubutawa da lambar kaset ɗin a gefe.